Awar da Ta Cinye Shekarar Malam Ɗantala

Duk direban da ya taɓa kai kaya kamfanin gyaran riɗi da zoɓo da ke kan hanyar Gumel zuwa Maigatari ya san Malam Ɗantala, kuma da wuya ya tuna shi da daɗin rai. Shi ne siririn dattijon nan na ɗakin bakin get, wanda yake amsa maka sallama idonsa na kan agogon hannunsa. Sunansa na yanka Ishaƙ, amma ba mai kiransa da shi sai takardu.

Aikinsa rubuta lokaci. Mota ta shigo tara da minti bakwai, ta fita sha ɗaya saura kwata. Ma'aikaci ya iso, a rubuta. Ya tashi, a rubuta. Shekara ashirin da uku yana wannan aiki, kuma ba a taɓa jin ya mayar da takwas da minti shida ta koma takwas ba. Masu roƙo sun roƙa, masu zagi sun zaga a bayan ido, wani ma ya taɓa kawo masa zabi biyu. Amsarsa ɗaya ce kullum: "Ba ni na ƙera agogon ba, dubawa kawai nake yi." Zabin kuwa ya mayar wa mai su. Ranar da matarsa Kande ta haifi autarsu, ya iso aiki takwas da minti arba'in da bakwai, ya zauna ya rubuta wa kansa haka da jan biro, sannan ya ɗauki rajistar ya kai ofis don a gani. Ma'aikata suka ce abin nasa ya wuce gaskiya, ya zama ciwo.

Gado ya yi. Mahaifinsa, Barau, ma'aikacin reluwe ne a Gagarawa Tasha, irin mutanen nan da suke tsayuwa da tuta tun kan lokaci, ko da an tabbatar musu jirgin ba zai iso ba sai gobe. Barau bai bar gona ba, bai bar shanu ba, ya dai bar 'ya'ya biyu maza da ba su iya makara ba. Babban, Ilu, masinja ne har ya yi ritaya. Da ya sauka sai ya koma dakalin ƙofar masallacin unguwa, inda tsofaffi suke zama daga hantsi zuwa azahar suna bin inuwa da tabarma. Wata takwas ya yi a wurin. Ba wata cuta da aka gano, kawai dai ya riƙa raguwa ne har ya ƙare. Malam Ɗantala yakan wuce dakalin nan kullum a kan kekensa, ya gaida mazauna wurin da sauri, ba ya yarda ya sauke ƙafa. Tsoron dakalin yake ji, tsoro na gaske, kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Ka'idar kamfanin ita ce duk wanda ya cika shekara sittin a cikin shekara, zai ajiye aiki a ƙarshen Disambarta. Takardar Malam Ɗantala ta ce an haife shi ɗaya ga Janairu, 1966. Wato 2025 tasa ce, 2026 ma tasa ce har ƙarshenta. Ya san wannan lissafin kamar yadda ya san hanyar gidansa, yakan maimaita shi a ransa yana tuƙa keke.

Sai kamfani ya waye. Gara ta cinye rabin fayil-fayil ɗin ma'aikata, sabon manaja, Alhaji Abdurra'uf, ya ce an gama da zamanin takarda. Aka kwashe abin da gara ta rage aka zuba a kwamfuta, aka ba wata mata a Gumel aikin yin shafin intanet inda za a riƙa ganin bayanan kowa. A watan Oktoba, ana tsakiyar shigowar sabon riɗi, aka bugo jerin sunayen daga shafin aka manna a allon sanarwa. A gefe kuma aka manna wata 'yar takarda mai sunaye huɗu, ta waɗanda za su sauka bana. Na biyu a ciki shi ne Ishaƙ Barau, an haife shi Juma'a, 31 ga Disamba, 1965.

Ya karanta sau uku. Ya koma ɗakinsa ya shigar da motoci biyu da suke jira, don ba laifinsu ba ne, sannan ya nufi ofis.

"Ranka ya daɗe, an yi kuskure. Sittin da shida ne."

"Malam Ɗantala, kwamfuta ta ce sittin da biyar."

"Ga takardata."

Manaja ya karɓa ya juya ta, ya mayar masa. Ba mugun mutum ba ne, yana dai da imani da kwamfuta irin na wanda bai san yadda take aiki ba. "Irin wannan takarda ai ko gobe mutum zai iya samowa. Kai ma ka san mutanenmu da rage shekaru. Ban ce ka yi ba."

Bai ce ya yi ba, amma kafin la'asar duk kamfanin ya ji cewa ya yi. Waɗanda ya shekara ashirin yana rubuta wa minti shida suka samu abin da suka daɗe suna jira. Wani direba ya leƙo ta taga ya ce, "Malam, ashe shekara guda ta fi minti shida sauƙin ɓoyewa?" Malam Ɗantala ya rubuta masa lokacin fitarsa daidai, bai ɗaga kai ba. A gida Kande ta ce ya bar wa Allah, ai ya yi ƙoƙari, ya zo ya huta. Kalmar hutun nan ta hana shi cin tuwo.

Washegari da safe yana zaune sai ya ji hayaniya a gaban allo. Asabe ce, ɗaya daga cikin mata masu tsince zoɓo, wadda muryarta ba ta bukatar lasifika.

"Ni Asabe, a ce ran Juma'a aka haife ni? Wato uwata ba ta san kwana ba ke nan? A asibiti fa aka haife ni, da katina!"

"Ke ma?" in ji Ladi. "Ni an mayar da ni Asabar. Sai mu yi musayar suna."

Aka yi dariya aka watse. Malam Ɗantala bai yi dariya ba. Lokacin cin abinci ya ɗauki biro da takarda ya tsaya a gaban allon, ya bi sunaye tamanin ɗaya bayan ɗaya, yana tsame duk wanda ya san ana kiransa da sunan rana kuma yana da katin asibiti. Ya sami goma sha ɗaya. Balarabe ya koma Talata. Ɗanjuma ya koma Alhamis. Lami biyu duk sun koma Laraba. Babu ko ɗaya da yake zaune a kan ranarsa, kowa an ja shi baya. Ya kuma lura cewa mutum talatin da huɗu a kamfanin an haife su 31 ga Disamba, abin da ya sa ya yi mamakin irin aikin da ungozomomin ƙasar Gumel suke sha a wannan rana.

Ya kai wa manaja takardar. Manaja ya duba, ya yi tunani, ya kawo hujjar da ba ta da laifi: "Ai in an haifi yaro bayan magariba, uwa ranar gobe take ƙirga masa, asibiti kuma ya rubuta ta yau. Shi ke nan sai ka ga bambancin kwana."

"Ranka ya daɗe, su goma sha ɗayan duk bayan magariba? Babu wanda ya zo da hantsi?"

Manaja ya ce shi dai ba shi ya yi shafin ba, ga lambar mai kwamfutar nan, ya je ya same ta.

Ran Asabar ya sa farar rigarsa, ya jingine keke, ya hau adaidaita don kada ya isa da gumi. Mai kwamfutar, Nana Firdausi, tana da shago kusa da tashar Gumel, inda take buga wa mutane takardu. Matar aure ce mai 'ya'ya uku, wadda ta koyi rubuta wa kwamfuta umarni da kanta, a tsakanin wani kwastoma da wani, har ta kai ana ba ta aikin shafuka. Ita ce ta ƙara sunan rana a gaban kwanan wata, da Hausa, ba don an sa ta ba, don kawai ta ga ya fi kyau. Ta ba shi kujera da ruwa, ta saurare shi har ƙarshe, sannan ta karɓi takardar sunaye goma sha ɗayan. Tana cikin karantawa ta dafe kai.

"Innalillahi. Baba, laifina ne."

Malam Ɗantala ya zo da shirin gardama ta awa biyu, har ya jera hujjoji a hanya. Sai ya rasa inda zai ajiye su.

Ta buɗe kwamfutarta ta juyo masa da ita. "Ka ga, ita wannan ba ta san rana ba, ba ta san wata ba. Daƙiƙa kawai take ƙirgawa, tun daga ɗaya ga Janairu, 1970."

"Mu da muka zo kafin nan fa?"

"Ku ƙirgen baya take yi muku." Ta nuna masa wata lamba a cikin rumbun da ake ajiye bayanai: -126234000. "Wannan kai ne."

Ya gyara tabarau ya duba. Bai ga kama ba, amma bai yi musu ba.

"Da aka shigar da ranar haihuwarka, ba a faɗa mata ƙarfe nawa ba, sai ta ɗauka farkon ranar ne, sha biyun dare cif, a agogonmu. Shi kuma rumbun ba da agogonmu yake ajiya ba, da agogon duniya yake yi, wanda yake bayanmu da awa ɗaya. Sha biyun darenmu a wurinsa sha ɗaya ne, kuma na jiya. Ba laifi ba ne a ajiye haka. Amma in za a fito da shi a nuna wa mutum a shafi, dole a mayar da awar nan, sannan a juya lambar ta zama rana da wata da shekara. Ni na juya, amma ban mayar da awar ba."

"Kin ɗauki awa ba ki mayar ba."

"Haka ne, Baba."

"Kuma awar ce ta ja Asabe zuwa Juma'a."

"Ita ce. Wanda aka haifa a tsakiyar shekara, kwana ɗaya ya rasa, ba wanda zai kula. Ku 'yan ɗaya ga Janairu kuwa, da aka ja ku baya sai kuka faɗa bara."

Ya juya maganar a ransa. Shekara ashirin da uku yana faɗa wa mutane minti shida ba abin wasa ba ne, suna yi masa kallon mai taɓin hankali. Ga shi yau awa ɗaya ta kusa cinye masa shekara. Ya so a ce direbobin nan suna wurin.

Gyaran bai kai tsawon layin rajista ɗaya ba. Ta rubuta wa shafin cewa kafin ya nuna kowane lokaci, ya mayar da shi agogon Legas.

"Legas kuma? Babu na Gumel?"

"Babu, Baba. Akwai na Yamai in ka fi so, duk ɗaya ne."

"Bar shi a Legas."

Ta ce wannan gyaran gaggawa ne. Ainihin abin da ya kamata shi ne ranar haihuwa a ajiye ta ita kaɗai, ba tare da an liƙa mata ƙarfe nawa ba, kuma za ta yi hakan cikin makon. Sannan ta sake buɗe shafin. Asabe ta koma Asabar. Ladi ta koma Lahadi. Balarabe, Ɗanjuma, Lami da Lami, kowa ya koma gidansa. Tara cikin sha ɗaya suka zauna daram. Biyun da suka rage, daga baya iyayensu mata suka tabbatar bayan magariba suka haife su, don haka manaja ma bai tashi a tutar babu ba.

Ta gangara zuwa sunansa, tana murmushi. Ishaƙ Barau, Asabar, 1 ga Janairu, 1966.

"Ga shekararka ta dawo, Baba Ɗan..." Sai ta tsaya a tsakiyar sunan. Ta kalli shafin, ta kalle shi. "Baba, kai fa Talata ya kamata."

Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ko da yake ba su yi datti ba. Wannan magana ce da bai taɓa yi da kowa ba, don ba wanda ya taɓa tambaya. Ya gaya mata yadda aka yi. Ranar da aka kai su firamare, hedimasta ya jera su, kowa ya ɗora hannu ta saman kai ya kamo kunne. Wanda hannunsa ya kai, ya isa shiga aji. Shi nasa hannun ya wuce kunnen har ya kusa haɓa, don Barau ya yi shekara biyu ko uku yana cewa baɗi. Hedimasta bai da lokacin tambayar kowa, sai ya rubuta wa ajin gaba ɗaya ɗaya ga Janairu, 1966, ya tafi sallah. Daga wannan rubutun aka yi kowace takarda da ya mallaka a duniya.

"Abin da Inna ta gaya mini shi ne ran Talata ne, da damina, gero ya fara fid da kai. Shekarar kam ba ta riƙe ba. Amma na san na girmi takardar."

Nana Firdausi ta kalli akwatin da ake shigar da ranar haihuwa a shafin. Can ta ce, "Akwatin ba ya karɓar Talata da damina, Baba. Lamba yake so."

"Na sani."

"Kuma ba kai ka rubuta ba."

"Ba ni ba ne," in ji shi. Wannan ya ɗan sanyaya masa rai a hanyar komawa. Gaskiya ne, shi bai taɓa cewa an haife shi a ranar ba. An rubuta masa ne, ya riƙe.

Ran Litinin Nana Firdausi ta zo kamfanin da kanta, ta tsaya a gaban manaja ta faɗi kuskurenta ba tare da kwana-kwana ba. Alhaji Abdurra'uf ya ji kunya sosai, musamman da ya gano cewa duk mutum huɗun da ya shirya sallama 'yan ɗaya ga Janairu ne. Shi kuwa mutum ne da in ya ji kunya sai ya ƙirƙiro takarda. Kafin azahar an bugo fom, kowane ma'aikaci da nasa, da sunansa da ranar haihuwarsa da aka gyara. A ƙasa akwai layi ɗaya: "Na tabbatar, tsakanina da Allah, wannan ita ce ainihin ranar da aka haife ni." Manaja da kansa ya ƙara "tsakanina da Allah", ya ce ya san mutanensa. Ya kuma sanar cewa a cikin mutum huɗun nan, duk wanda bai sa hannu ba, sunansa yana nan a jerin masu sauka bana, don ba zai sake yarda da ranar da mai ita bai tsaya a kanta ba.

Aka yi layi a farfajiyar ofis. Masu sa hannu suka sa, masu dangwala yatsa suka dangwala, yawancinsu ba su ma tsaya an karanta musu ba. 'Yan ɗaya ga Janairu talatin da uku suka wuce ɗaya bayan ɗaya suna raha, wani na cewa ashe duk tagwaye ne. Malam Ɗantala ya yi ta ba mutane hanya, har ya zamana babu kowa a bayansa.

Manaja ya miƙa masa biro. Ya karanta layin. Ya sake karantawa, ko zai sami wata kafa a cikinsa, wani wuri da ya ce "yadda aka rubuta mini". Babu. An rubuta shi da Hausa mai kyau, ba inda mutum zai raɓe. Nana Firdausi tana tsaye a gefen tebur, ita kaɗai ce a wurin ta san abin da yake karantawa, sai ta sunkuyar da kai tana gyaran zip ɗin jakarta da ba abin da ya same shi.

"Malam Ɗantala, lafiya? Ko akwai wani kuskuren?"

Da a ce zai faɗi gaskiya, jimla ɗaya ta isa, kuma ya san ta. Ya san kuma cewa daga yau zuwa ƙarshen Disamba kwana saba'in da 'yan kai ne, bayansu babu inda zai riƙa zuwa da safe. Tsoron dakalin nan ya fi ƙarfin duk abin da ya sani game da kansa.

"Babu kuskure, ranka ya daɗe."

Ya sa hannu. Hannun bai ko yi rawa ba, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo.

Manaja ya ɗaga fom ɗin sama don kowa ya gani, yana so ya wanke laifinsa a bainar jama'a tunda a bainar jama'a ya yi shi. "Ku shaida, jama'a! An zargi bawan Allahn nan da rage shekaru, ni ma na yi zato, Allah ya yafe mini. Yau gaskiyarsa ta fito. Kwamfuta ta yi ƙarya, Malam Ɗantala bai yi ba. Mutumin nan bai san yadda ake ƙarya ba!"

Aka yi tafi. Asabe ta rangaɗa guɗa. Direban da ya yi masa ba'a ta taga ya zo ya kama hannunsa da hannu biyu yana neman gafara, Malam Ɗantala ya zare hannunsa a hankali. Ya sami shekararsa. Ya mayar wa manaja bironsa, ya bi ta bayan mutane ya fita, bai yarda ya haɗa ido da Nana Firdausi ba.